Tambayi Likita: Kanwa, Kostik da Tsamin Ciki

Tambaya: Likita, in na ci tuwon dare na kwanta sai ƙwannafi ya tashe ni. Ƙawata ta ce in riƙa jiƙa kanwa ina sha. Daga wata matar aure a Katsina.

Amsa: Malama, tumbi yana fitar da asid mai ƙarfi don narkar da abinci. A ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda ke tashi daga 0 zuwa 14, asid ɗin ciki yana tsakanin 1.5 da 3.5. Ruwa zalla yana kan 7, abin da ya haura 7 kuma jinsin kanwa ne, wato alkalin. Kanwa tana kashe tsamin nan take, shi ya sa za ki yi gyatsa ki ji sauƙi. Amma cike take da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, wanda ke tara ruwa a jiki ya ɗaga jini. Ki ci abinci awa 3 kafin kwanciya, ki ɗaga wajen kan gadonki. In ya wuce makonni, ko kin ga baƙin kashi, ko amai da jini, ki je asibiti. Gyambon ciki sau da yawa wata ƙwayar cuta ce mai suna H. pylori ke kawo shi, kuma tana da magani.

Tambaya: Surukata ta dage sai na sha kunun kanwa har in yi arba'in.

Amsa: Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta yawan kunun kanwa da zafin wankan jego da ciwon zuciya bayan haihuwa. Ki roƙe ta cikin ladabi a rage kanwar sosai. In ƙafafunki suka kumbura ko numfashi ya yi miki wuya in kin kwanta, a tafi asibiti a ranar.

Tambaya: Ina sana'ar sabulu. Makonni uku da suka wuce ɗana mai shekara biyu ya sha ruwan kostik, wato sodar sabulu, da na zuba a robar lemo. Kakarsa ta ɗura masa manja ya yi amai, aka ba shi lemun tsami don ya kashe ƙarfin sodar. Ya samu sauƙi, amma yanzu ba ya iya haɗiye tuwo sai koko, kuma yawu na zuba. Daga wata uwa a Kano.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ki ɗauke shi yau zuwa babban asibiti mai likitocin tiyatar yara, kada ki jira gobe. Kostik yana can ƙarshen ma'aunin pH, wajen 13 zuwa 14. Yadda yake narkar da mai ya zama sabulu, haka yake narkar da naman maƙogwaro, kuma yana ci gaba da cin wurin bayan an haɗiye. In ƙunar ta fara warkewa sai ta bar tabo, tabon kuma ya tsuke hanyar abinci cikin makonni. Abin da kike gani ke nan. Sauƙin da ya samu a tsakani shi ke yaudarar iyaye. Likitoci za su duba da na'ura ko hoto, su buɗa hanyar a hankali, wani lokaci sai an maimaita, wani lokaci sai tiyata. In aka yi jinkiri yaro ya rame, aikin sai ya ƙara wuya.

Maganar manja da lemun tsami kuwa tana ɓata min rai ƙwarai, domin da kyakkyawar niyya ake yin ta, yara kuma su ke shan wahalar. Gaskiya ne asid da alkalin suna kashe juna, amma haɗuwarsu tana fitar da zafi, kuma a kan naman da ya riga ya ƙone zafin zai sauka. Amai kuma yana nufin kostik ya sake bi ta maƙogwaro karo na biyu. Manja na iya faɗawa huhu ya haddasa wani ciwon daban. Don Allah a daina. Ba amai, ba manja, ba lemun tsami, ba madara. A wanke bakin yaro da fatarsa da ruwa, a cire rigar da ta jiƙe, a ɗauki robar a nufi asibiti ko da yaron yana wasa. Masu sabulu kuma, kada a zuba kostik a robar lemo ko ta ruwan sha, a ajiye inda hannun yaro ba ya kai.

Tambaya: Ana tallan ruwan alkalin, an ce yana gyara tsamin jini har ya hana ciwon daji.

Amsa: Riƙe kuɗinka, Malam. A ma'aunin pH jini yana tsaye tsakanin 7.35 da 7.45, kuma jiki ne ke tsare shi. A cikin jini iskar kabon dayoksaid tana haɗuwa da ruwa ta zama asid mai rauni, shi kuma ya rabu ya ba da bikabonet, wani jinsin kanwa, kuma haɗin yana tafiya gaba da baya. In tsami ya ƙaru sai haɗin ya koma baya, huhu ya fitar da iskar. Ƙoda kuma ta gyara ragowar a fitsari. Ruwan tallan da ya isa tumbi asid zai cinye ƙarfinsa. Jini yakan yi tsami da gaske a ciwon sukari da ya tsananta ko gazawar ƙoda. Mai sukari da ke amai yana jan dogon numfashi da sauri, gadon asibiti yake buƙata cikin gaggawa.

Tambaya: Ruwan batir ya fantsamar wa yaron shagona a ido.

Amsa: A yi ta kwarara ruwa mai tsabta a idon a buɗe, aƙalla minti 20, sannan a kai shi wajen likitan ido. Kada a ɗiga komai, ko nono ko kwalli.