Ba ni da digirin kimiyya, shin abin da na gani zai amfani masu bincike?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce a Unguwar Dosa, nan Kaduna. Na ji ana cewa mutanen gari na iya taimaka wa masu binciken tsuntsaye da itatuwa. NCE gare ni, kuma ba ta fannin kimiyya ba, sai dai mahaifina ya koya mini sunayen tsuntsaye tun ina ƙarama. Shin da gaske ake amfani da abin da irinmu suka rubuta, ko dai faranta mana rai kawai ake yi? Ta ina zan fara? Kuma ana biya?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Da gaske ake amfani da shi, kuma ba don a faranta muku ba ne, mu masu bincike ne ba mu da wata mafita. Nijeriya na da nau'in tsuntsaye sama da 900, masana tsuntsaye kuwa 'yan ƙalilan ne. Ko kowannenmu zai kwana ya tashi a daji, ba za mu iya sanin abin da ke faruwa a Rigasa da Kagoro da Saminaka a safiya ɗaya ba. Wanda ke zaune a wuri shi ke ganin ranar da abu ya zo da ranar da ya ɓace.

Abin ma ba sabo ba ne. Tun 1900 wani masanin tsuntsaye a Amurka, Frank Chapman, ya nemi mutane su daina gasar harbin tsuntsaye lokacin Kirsimeti, su koma ƙirga su. Har yau duk shekara ana wannan ƙidayar. A nan gida, cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos ta fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya a 2015, kuma ƙashin bayan aikin 'yan sa-kai ne: ɗalibai, malaman makaranta, ma'aikata. Akwai ma rukunin 'yan arewa da ake kira Arewa Atlas Team.

Ga yadda aikin yake. An yayyanka taswirar ƙasar gida-gida kamar allon dara, kowane gida faɗinsa da tsawonsa kusan kilomita 9 ne, kuma gidajen sun haura 11,000. Sai ki zaɓi gidan da unguwarku ta faɗa ciki, ki yi aƙalla awa 2 kina zagawa, kina rubuta duk tsuntsun da kika gani ko kika ji kukansa, kina ƙoƙarin leƙa wurare iri-iri: cikin unguwa, bakin rafi, gona, fadama. Kina iya ci gaba da ƙarawa a jerin har kwana 5. Manhajar BirdLasser ake amfani da ita a waya, ita ce ke haɗa sunan tsuntsu da wurin da lokacin. Idan ba tsuntsaye kaɗai ne suka dame ki ba, akwai iNaturalist, wadda ta fara a 2008. Ki ɗauki hoton ganye ko ƙwaro ko ƙadangare ki ɗora, ko da ba ki san sunansa ba, wasu za su duba su faɗa. Idan hoton na da rana da wuri, kuma sama da kashi biyu cikin uku na waɗanda suka duba sun yarda da suna ɗaya, sai ya shiga sahun abin da mai bincike zai iya dogara da shi, ya wuce zuwa babbar ma'ajiyar bayanan halittu ta duniya, GBIF, inda kowa ke ɗiba kyauta.

Yanzu bari in tsaya kan abin da na fi so ki riƙe. Sababbin shiga kan ɗauka cewa abin da muke nema shi ne tsuntsu mai ban mamaki wanda ba a taɓa gani ba. A'a. Abin da ya fi daraja shi ne mutum ɗaya, a wuri ɗaya, yana komawa mako bayan mako, yana rubuta gaskiya, har da ranar da bai ga komai ba sai kurciya da hankaka.

Ki ɗauki ungulu. Duk wanda ya girma a garuruwan arewa ya san lokacin da ba ka zuwa kwata ko bayan kasuwa ba ka tarar da su jere a kan rufi ba, suna jiran mahauta su watsa tumbi. Ba wanda ya rubuta, domin wa zai ɓata takarda kan ungulu? Sai da suka yi ƙaranci aka farga, har a 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin ungulun nan ta cikin gari a jerin waɗanda ke dab da ƙarewa. Guba, da farautarsu don haɗa magani, da sare manyan itatuwan da suke sheƙa, duk sun taru a kansu. Da a ce wani mahauci ko wani malami ya riƙa rubuta "yau ungulu kaza a kwata" sau ɗaya a wata, da yanzu mun san shekarar da abin ya fara da kuma saurinsa. Wannan rashin yana ci mini rai ƙwarai, domin ba kuɗi ya hana ba, littafi da biro ne kawai. Saboda haka idan kika je kwata kika yi rabin awa ba ki ga ko ɗaya ba, rubuta hakan. Wannan babun ma shaida ce.

Ƙa'idar da ba a sassauta ta ita ce kada ki rubuta abin da ba ki tabbatar ba. Da asuba a bakin kogin Kaduna, lokacin hunturu, hazo kan sa komai ya zama inuwa. Wani abu dogo zai tsaya a kan dutse, zuciya ta ce zalɓe ne, alhali ba ki ga launin wuyansa ba. Ki jira rana ta ɗaga, ko ki bar shi. Jeri mai tsuntsu 12 na gaskiya ya fi mai 40 da aka cike da zato. Akwai masu tace bayanan, kuma idan suka tuntuɓe ki kan wani suna ba raini ba ne, mu ma ana yi mana.

Sunayen da mahaifinki ya koya miki jari ne babba, amma akwai gyara ɗaya. Sau da yawa suna ɗaya na Hausa yana rufe nau'i da dama. Kurciya iri-iri ce, haka marai, haka tsattsewa. Don haka ki fara da waɗanda ba su da ruɗani, irin su belbela da hasbiya da shirwa da hankaka, ki riƙa haɗa sunan Hausa da hoton da ke manhajar, sauran su zo a hankali. Madubin hangen nesa yana taimakawa, amma ba sharaɗi ba ne a farko. Fita tare da wanda ya riga ki sau biyu ko uku ya fi karatun wata guda, don haka ki nemi masu aikin taswirar ta shafinsu, ko ki tambaya a sashen nazarin halittu na Jami'ar Jihar Kaduna ko ABU Zariya.

Batun biya: ba a biya. Aikin sa-kai ne, datarki ce da kuɗin motarki. Na fi so ki sani tun yanzu.

Sai kiyaye kai. Kaduna gari ne na barikoki, kada ki ɗaga waya ko madubi kusa da wurin soja ko na 'yan sanda. Idan za ki shiga unguwar da ba a san ki ba, ki gaisa da mai unguwa ki faɗa masa abin da ya kawo ki, kuma kada ki je bakin kogi ke kaɗai. Gandun Kamuku da ke Birnin Gwari wuri ne mai albarkar halittu, amma ba inda ɗan sa-kai zai nufa ba ne da kansa. Idan kuma Allah ya sa kika ga sheƙar ungulu, kada ki sa wurin a Facebook ko zauren WhatsApp, akwai masu neman ƙwan ungulu da kan ungulu. Masu aikin kawai za ki gaya wa.

Tunda malama ce ke, kina da abin da ni ba ni da shi: idanu masu yawa a aji ɗaya. Ki ware littafi guda na makaranta. Yara su rubuta ranar da suka fara ganin shamuwa a bana, ita da ke zuwa da labarin damina daga kudancin Afirka, da ranar ruwan farko, da ranar da ɗorawa ta fitar da tuntu, da ranar da gina ta fito. Kowane layi da kwanan wata da wuri da sunan ajin da ya gani. Idan Baba na raye, Allah ya ƙara masa lafiya, ki zaunar da shi ya lissafa miki tsuntsayen da ya sani a Kaduna yana saurayi waɗanda yanzu ba ya gani, ki tambaye shi gauraka da burtu musamman, ki rubuta wurin da kimanin shekarar a shafin farko na littafin.