Ga ɗan Kumo da ke son aikin motar asibiti a Ingila

Wani ƙanenmu ɗan Kumo ya rubuto daga Ingila. Ya yi karatun lafiyar al'umma a Kaltungo, ya yi aiki a wani ƙaramin asibiti a ƙauye, yanzu kuma shekara biyu ke nan yana kula da tsofaffi a can. Yana so ya zama faramedik, wato ma'aikacin ceton rai da ke fita da motar asibiti. Tambayarsa: takardarsa ta gida za ta yi masa? Kuma in ya dawo Gombe, aikin zai yi amfani?

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Gara in faɗa maka tun yanzu: da wuya takardar Kaltungo ta ba ka wannan suna. A Ingila hukumar HCPC ce ke rajistar faramedik, kuma laifi ne mutum ya kira kansa da sunan ba tare da rajista ba. Tun daga watan Satumban 2021, kwas ɗin da za ta amince da shi sai ya kai matakin digiri, wanda yawanci shekara 3 ne. Akwai ƙofar da take buɗe wa waɗanda suka yi karatu a waje, amma tana gwada abin da ka karanta ne da aikin faramedik, kai kuwa awon ciki da rigakafi da zazzaɓin cizon sauro aka koya maka. Ilimi ne mai daraja, hanyarsa ce daban.

Aikin kansa fa ba tuƙi da jiniya ba ne kawai. An kira 999, lambar neman agajin gaggawa a can, an ce wani dattijo ya faɗi a banɗaki. Kai ne za ka durƙusa a ɗan matsatsin wurin, ka manna masa wayoyin awon zuciya a ƙirji, ka karanta abin da na'ura ta zana, ka nemo jijiya ka sa allura, ka ba da maganin ciwo mai ƙarfi, babu likita a kanka. Sannan ka yanke shawara: a tafi asibiti ko a bar shi gida? Wannan hukuncin shi ne nauyin aikin, shi ake shafe shekaru ana koyo. Wata rana haihuwa ce a kan kujerar falo, wata rana mashayi ne zai zage ka tas kana ɗaure masa rauni. Aiki kan kai awa 12, dare da rana, kuma a wasu shekarun azumi kan faɗo a lokacin da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba a can. Ka yi wannan lissafin tun kafin ka shiga.

Hanya biyu ce. Ko jami'a kai tsaye, wadda za ta caje ka kuɗin baƙo muddin ba ka da izinin zama na dindindin, ko ka shiga hukumar motocin asibiti a matsayin mataimaki, kana karɓar albashi, daga baya ka nemi su tura ka digirin. Ni ta biyun nake zaɓa maka. Sai dai bizarka a ɗaure take da wanda ya ɗauke ka aiki. Kada ka ajiye aikin tsofaffi sai sabon wurin ya ba ka takardar ɗaukar nauyi kuma an sabunta bizar. Sai tulu ya cika ake zubar da na randa, ba kafin nan ba.

Ka fara da lasisin tuƙi. Na Najeriya wata 12 kawai yake yi maka a can, kuma ba a musanya shi, sai ka zauna jarrabawarsu. Bayan nan ka ƙara da rukunin C1, na motoci masu nauyin kilo 3,500 zuwa 7,500. Masu ɗaukar aikin za su binciki ko kana da tarihin laifi. Rajistar HCPC kuma duk shekara 2 ake sabunta ta.

Batun gida kuwa, duk wanda ya bi hanyar Gombe zuwa Bauchi ya ga yadda ake yi in an yi hatsari: mutum huɗu su kama hannu da ƙafa, kai na reto, a jefa cikin a-kori-kura. Mai karayar wuya a nan ake ƙarasa shi, da kyakkyawar niyya. In ka zo hutu ka tara direbobin tashar Kumo ka nuna musu yadda ake riƙe kai da wuya, da yadda ake danne jini da tsumma mai tsabta, ka kuma sa su haddace 122, lambar jami'an kiyaye haɗurra. Wannan ba ya buƙatar digiri.

Ka kuma roƙi Hajiya ta daina ce wa maƙwabta ɗanta likita ne a Turai, don kada su fara turo maka hoton kwalin magani a WhatsApp da tsakar dare.