Filin Makaɗa: tambayoyinku a kan jitar bes

Assalamu alaikum jama'a, sannunmu da zafi. Wannan karon saƙonnin da sunka fi taruwa na 'yan bes ne, wato jitar nan mai kaurin murya, kuma kusan duk daga nan cikin Sakkwato, don haka na ware masu filin gaba ɗaya. Masu tambayar piyano ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Salam Yaya, ina wuni ya zahi. Ni ƙanenka na daga Mabera, ina kaɗa bes cikin wani ƙaramin ban, muna zuwa dina da wunin biki har Wamakko da Boɗinga. Ogammu shina turo muna waƙoƙi tuli a WhatsApp ran Laraba ya ce Asabar za mu yi su, ni kau in mun hau sai in ruɗe wagga ta shige cikin waccan. Ƙaƙa za ni yi in riƙa haddacewa da wuri?

AMSA: Wa alaikas salam ƙanena, lafiya lau. Da farko ka daina jin waƙar ta sifikar waya, don wannan 'yar sifikar ba ta iya fidda muryar bes sam, tsirkiyarka mai kauri ta E girgizarta wajen 41 ce a daƙiƙa, waya ba ta kai nan, abin da kake ji ragowa ce kawai. Nemi hedifon ko da mai araha ne. Sannan ka aje jitar gefe ka saurari waƙar sau biyu sau uku hannunka ba komai, har sai ka iya rera muryar bes ɗin da bakinka. Abin da bakinka bai kama ba yatsanka ba zai kama ba, wannan na tabbata da shi.

In ka kama, ka nemo "do" na waƙar, wato muryar da waƙar take komawa ta zauna a kanta, daga nan ka rubuta sauran da solfa, do fa so la, ko da lamba 1 4 5 6. Kar ka rubuta C ko G. Dalili kuwa ka fi ni sani, mawaƙi zai zo ran biki murya ta dushe ya juyo ya ce wa mai piyano a sauke mai ki, wato a yi ƙasa da muryar waƙar, to in da haruffa ka haddace ka shiga uku a gaban mutane, amma in da solfa ne sai dai ka gusar da hannu gaba ko baya a wuyan jitar, fasalin yatsu bai canza ba. Kuma fasalin nan ba wani mai yawa ba ne. Duk inda do ɗinka take a tsirkiyar E ko A, ka sauka tsirkiya ɗaya zuwa wajen sirara ka ƙara gaɓa biyu a wuyan jitar, ga so nan. Ka sauka tsirkiya biyu ka ƙara gaɓa biyu, ga do ta sama. Da waɗannan ukun kaɗai za ka iya riƙe rabin dare wallahi.

Akwai abin da nake so ka lura da shi game da waƙoƙinmu na Hausa. Mafi yawansu a kan murya biyar suke tafiya, irin do re mi so la, kuma waɗanda anka yi a situdiyo galibi babu mai bes a wurin, mai piyano ne ya buga shi da madannai. To kar ka kashe kanka wai sai ka kwaikwayi kowane ɗigo da na'ura ta yi. Ka nemi inda babbar ganga take faɗuwa ka ɗora muryarka a kai, in kun daidaita kai da mai ganga an gama, masu rawa za su ji a jikinsu ko ba su san mi ke faruwa ba. In kuma an gayyato mai kalangu cikin ban ɗin, kamar yadda ake yawan yi a bukukuwanmu na nan, sai ka ƙara ragewa, don kalangu magana yake yi, yana hawa yana sauka, in kai ma kana yawo sama da ƙasa za ku riƙa take ma juna ƙafa. Ka bar mai fili.

Wurin da ya yi maka sauri, in waƙar tana YouTube ka rage gudunta zuwa 0.75 ko 0.5, muryar ba za ta canza ba. Kuma ka jera waƙoƙin bisa irin kiɗansu, masu tafiyar huɗu-huɗu gefe guda, masu rausayar nan ta shida gefe guda, za ka ga da yawa 'yan ɗaki ɗaya ne. Kowace ka yi mata layi ɗaya a takarda da babban rubutu: yadda take farawa, solfar baiti, solfar amshi, da inda ake tsayawa cak. Wurin tsayawar nan shi ne ke tona asirin mai bes, kowa ya yi tsit kai kaɗai ka yi gumm. Ka aje takardar a ƙasa gaban ƙafarka ba abin kunya ba ne.

Abu na ƙarshe, waƙar minti biyar a biki tana iya kai minti ashirin in anka fara liƙi, mawaƙi ya shiga kirarin uwar amarya da ƙawayenta. A nan matasa ke gajiya su fara ƙawa da yatsu. Kai ka riƙe abinka yadda yake, idonka a kan hannun mawaƙi.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Daga Arkilla nike. Na ɗan tara kuɗi ina son in sayi bes tawa ta kaina in bar aro. Wani mai shago ya ce man in ba mai tsirkiya biyar ba kuma mai batir to asarar kuɗi na. Mi ka gani? Kuma wace amfilifaya za ni haɗa da ita?

AMSA: Barka kadai. Mai shago kayansa yake talla, ba laifi, amma ni ban yarda da maganarsa ba. Bes ɗin da Leo Fender ya fitar a Amurka a 1951, wato Precision, da Jazz da ta biyo baya a 1960, duk tsirkiya huɗu gare su kuma ba batir, har yau kuwa da irinsu manyan makaɗan duniya ke aiki. Ta biyar ɗin tana ƙara maka tsirkiyar B ne can ƙasa, tana da amfani ƙwarai in mai piyanonku yana son kiɗa a D ko E flat, ko kana kiɗa a coci inda ake son wannan zurfin. In ba haka ba, ƙarin nauyi ne a kafaɗa da faɗin wuya da tsadar tsirkiya, ga wahalar danne wadda ba ka bugawa kar ta yi ta gurnani.

Mai batir kuma tana da daɗin murya ba musu, sai dai batir 9V take ci, in ka bar kebul a jikinta bayan an tashi haka zai yi ta zuƙewa, kuma ranar da zai mutu ba ya sallama, tsakiyar waƙa za ka ji murya ta fara karcewa. In ka saye ta, batir na biyu ya zauna cikin jaka kullum.

Ni shawarata ka nemi Yamaha ko Ibanez ko Cort ko Squier, ko ta hannu ce in dai lafiyarta lau, ta fi sabuwa mai ƙyalli da anka manna wa sunan babban kamfani, don jabu sun cika kasuwa. Farashi ba zan yanke maka ba tunda dala ke juya shi. In hali ya yi ka je Kano da ƙafarka wajen Sabon Gari ka riƙe ta a hannu, ka bi gaɓoɓin wuyan ɗaya bayan ɗaya ka ji ko akwai inda murya ke mutuwa, ka hango wuyan daga kai zuwa gindi ka ga bai murɗe ba, ka jujjuya maɓallan ka ji ba ƙarar ƙasa. In daga Alaba ta Legas za a ɗoro maka ita a mota, ka sa wanda ya iya kiɗa ya gwada maka, kar ka tsaya ga hoto.

Amfilifaya kuwa, don Allah kar ka sa bes a ta ƙaramar jita, sifikar za ka yaga. Kuma kar ka zuba duk kuɗinka a ƙaton akwatin da sai an ɗauko Keke Napep biyu. Yawancin wuraren dina akwai manyan sifiku da mikisa, wato na'urar da ke haɗa muryoyin kayan kiɗa, abin da kake buƙata ɗan akwatin nan na DI da zai kai muryarka mikisa tsaf ba ƙugi, sai matsakaiciyar amfilifaya mai sifika inci 12 ko 15 a bayanka don ka ji kanka. Ka rage wani abu na kebul mai kyau guda biyu da na'urar saita tsirkiya da maɗauri mai faɗi.

TAMBAYA: Sannu Yaya. Ƙanwarka ce, ina kaɗa bes a cocinmu nan cikin gari. Tun hunturu tsirkiyoyin sun yi nisa da wuya, dannawa sai da ƙarfi, kuma bakin ƙarafan yana yankar mini hannu. Ta lalace ke nan?

AMSA: Ba ta lalace ba ƙanwata, iskar garinmu ce. Wuyan bes katako ne, in iska ta bushe ƙayau sai ya tsuke, ƙarafan da ke gicciye a kan wuyan kuma ba sa tsukewa sai bakinsu ya leƙo, wuyan ya ɗan ranƙwafa. Yawanci in damina ta kankama yana komawa, har ma ki ji tsirkiya ta fara zizar a kan ƙarafan. Akwai sandar ƙarfe cikin wuyan da ake ɗaurewa ko sassautawa da ɗan makulli. Ki danne tsirkiyar E a gaɓar farko da ta ƙarshe lokaci guda, ki dubi tsakiya, ratar da za ki gani kada ta wuce kaurin ɗan kati. In ta wuce, a sassauta tsirkiyoyi kaɗan a juya makullin dama kwata ɗin zagaye kawai, a bari ta kwana sannan a sake dubawa. In ya ƙi juyawa a bar shi a kai wa wanda ya sani, karyewar sandar nan babbar asara ce. Kuma tunda zafinmu na Afirilu yana haura 40, kada ki bar ta cikin mota a rufe ko jingine da bangon da rana ke duka, ki mayar da ita jaka, ki goge zufa daga tsirkiya duk an gama.

TAMBAYA: Oga, in muna kiɗa da janareta sai in ji wuta na ɗan jan hannuna ga tsirkiya, balle in na kusanci makirfo. Abokaina sun ce haka abin yake in saba. Daga Gawon Nama.

AMSA: Kar ka saba, wannan abin yana kisa. Tsirkiyoyinka a haɗe suke da layin at na amfilifaya, wato wayar da ke sauke wuta cikin ƙasa, in at ɗin babu ko anka haɗa waya a karkace, to jikinka ne wutar ke bi ta sauka, musamman in hannu na kan tsirkiya leɓe ya taɓa makirfo. Da ka ji haka ka aje jitar a kashe. Ku kira mai gyaran wuta ya duba janaretan ya kafa mai at na sosai a ƙasa, ya duba dogayen wayoyin da kuke ja, duk filogin da anka karye wa ƙafa ta uku a canza shi, a daina cusa tsirarar waya cikin soket da tsinken ashana. Amfilifayarka da mikisa su sha wuta daga wuri ɗaya, ta bayan sitabilaiza, kuma kar ka tsaya ba takalmi a kan siminti ko ƙasa mai laima. Wajen kunnawa a bari injin ya tashi ya daidaita tukuna, amfilifaya ita ce ta ƙarshe a kunnawa kuma ita ce ta farko a kashewa. In mai wurin biki ya ce ba lokacin tsayawa duba wuta, ku ce mai ba za ku hau ba sai an duba.