Dalilin shafa asid kafin a yi cikon haƙori

Malam, ka tambayi me ya sa likita yake shafa asid a haƙori kafin ya sa ciko.

Ɓawon haƙori kusan kashi 96 cikin ɗari ma'adini ne, kuma santsinsa ba ya barin danƙon da ke riƙe ciko ya kama. Idan asid ɗin fosforik mai ƙarfin kashi 37 ya yi daƙiƙa 15 zuwa 30 a kansa, sai ya bar ƙananan ramuka da ido ba ya gani, wurin kuma ya yi fari kamar alli bayan an wanke an busar. Danƙon yakan kwarara cikin ramukan, shuɗin haske ya daskarar da shi a ciki. Wani likitan haƙori mai suna Michael Buonocore ne ya nuna dabarar a 1955. Amma idan miyau ya taɓa wurin kafin a sa danƙo, dole a sake shafa asid.