Ga mai tambaya kan zuwa ƙauyukan Toskana ba tare da shan giya ba

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce kuna son zagaya ƙauyukan Toskana, a ƙasar Italiya, ke da maigida, amma duk tallar da kika gani ta gonakin inabi ce da ɗanɗana giya, shi ne kike tambaya ko wanda ba ya sha zai ƙaru da wani abu. Zai ƙaru sosai. Na jima a yankin nan, kuma bakina bai taɓa taɓa ta ba.

Gaskiya tuddan Kiyanti, tsakanin Firenze da Siyena, da giya suka yi suna, haka ma Montalcino. Sai dai yawancin gonakin nan suna da zaitun. Ku daidaita tafiyar ta faɗo ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin tsinkarsa, ku nemi wurin matsa mai, sunansa frantoio. Man da aka matse ranar kore ne shar, yana ɗan yaji a maƙogwaro. Za a gasa burodi, a goga masa tafarnuwa, a kwarara man, a barbaɗa gishiri, don burodinsu ba a sa masa gishiri. Wallahi ko don wannan kaɗai kuɗin jirgi bai tafi a banza ba.

Daga nan ku gangara kwarin Val d'Orcia, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi a 2004. A garin Piyenza da ke kwarin, tun daga bakin titi ƙamshin cukun nonon tumaki zai tare ku. Ku ci pici, taliya mai kauri da ake murzawa da hannu, da miyar tumatir da tafarnuwa.

Inda za ki sa ido shi ne tukunya. Da Italiyanci maiale alade ne, cinghiale aladen daji, strutto kitsen alade, har cikin wasu gurasa yakan shiga. Miyar nama kuwa galibi da giya ake dafa ta. Ko ribollita, miyar wake da kabeji, ki tambaya kafin a zuba. Shi ya sa na fi son sauka a gidan gona, agriturismo: mai girkin tana nan, ki faɗa mata tun da safe, ba ta jin haushi.

Ku ɗauki hayar mota, bas ba ya kaiwa ko'ina. In kun ga allon ZTL a bakin gari, wato inda aka taƙaita shigar motoci, kada ku shiga da mota, akwai kyamara, tara za ta biyo ku. Sallar Juma'a kuma akwai masallaci a Colle di Val d'Elsa, an buɗe shi a 2013. Allah Ya kawo ku lafiya.