In akwai RAID, kwafin ajiya na mene ne?

Ɗazu da muke haɗa sabar nan, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafukan intanet, ka ce mini, "Maigida, tunda faifai huɗu ne a ciki, kuma duk abin da aka rubuta RAID na yi masa na biyu, wahalar kwashe kwafin ajiya kowane dare ta mece ce?" Hannuna na kan aiki, shi ya sa na ce ka bari sai mun gama. To, jawo kujera.

Faifan ajiyar bayanai na kwamfuta dai mutuwa yake yi, ranar ce kawai ba a sani ba. A 1988 wasu masana uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka fitar da takardar da ta yaɗa wannan suna na RAID. Shawararsu ita ce a daina dogaro da ƙaton faifai ɗaya mai tsada, a haɗa ƙanana da yawa su yi aiki tamkar guda, a tsara su yadda in ɗaya ya faɗi sauran za su riƙe. Mu da muke ɗauke da shafukan mutane, ribarmu ke nan: faifai ya mutu da tsakar dare, shafuka na buɗewa, saƙonni na shiga, mai shafi na barcinsa.

RAID 0 kada ma ka sa shi a lissafi. Raba bayanai yake yi a kan faifai don sauri, ɗaya ya mutu duka sun tafi. RAID 1 tagwaye ne, abin da ke kan wannan shi ke kan wancan. RAID 5 shi ne mai ɗan wayo. Ka ɗauka faifai na farko yana riƙe da 3, na biyu yana riƙe da 5, sai a rubuta jimlarsu 8 a na uku. In na biyu ya mutu, ka cire 3 daga 8, ga 5 ɗinka ta dawo. Ainihin lissafin da na'ura ke yi ya ɗan sha bamban, kuma ana warwatsa shi a kan dukkan faifan, amma dabarar ke nan. Mutuwar faifai ɗaya yake jurewa, RAID 6 kuwa biyu. Namu RAID 10 ne: tagwaye biyu, an raba bayanai tsakaninsu. Faifai huɗu masu terabait 4 kowanne, da RAID 5 muka yi da mun samu 12, amma muka haƙura da 8 saboda rumbun bayanai na yawan rubutu, RAID 10 kuma ya fi sauƙin rubutu da sauƙin farfaɗowa.

Yanzu ga tambayarka. RAID ba ya tambayar ko abin da aka rubuta daidai ne, umarni kawai yake bi. Ka yi kuskure ka goge fayilolin wani, cikin ƙiftawar ido an goge su a faifai biyun. Ɓarayin intanet suka shigo suka kulle bayanai suna neman kuɗin fansa, RAID zai kwafe kullallun bayanan tsaf, har ya gaya maka komai lafiya. Sabunta manhaja ya lalata rumbun bayanai, lalatacce biyu gare ka. Jiya ba ta cikin RAID, yanzu kaɗai ya sani. Mai shafi kuwa in ya kira ka hankali tashe, abin da yake nema shafinsa yadda yake shekaranjiya.

Kuma duk faifan a akwati ɗaya suke, a ɗaki ɗaya. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen ajiyar sabar na kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa. Wanda kwafinsa ke wani gari ya tashi, wanda ya dogara da faifan da ke cikin ginin bai tsira da komai ba. Shi ya sa muke bin ƙa'idar nan ta 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a nesa.

Abin da na fi so ka riƙe ma ba ka tambaya ba. Lokacin da na fi jin tsoro shi ne bayan an sa sabon faifai, sa'ad da ake sake gina abin da ya ɓace. Yi lissafi da kanka: faifai mai terabait 8, ana cika shi da gudun megabait 150 a daƙiƙa, kusan awa 15 ke nan, in ba wanda ke taɓa sabar. Tamu kuwa ba ta hutawa, sai aikin ya kai kwana biyu. Duk tsawon lokacin nan tsofaffin faifan na shan karatu daga farko har ƙarshe, har wuraren da aka yi shekara ba a leƙa ba. A RAID 5 in wani ya sare a nan, an gama. Shi ya sa ba na yarda da shi a kan manyan faifai, ko wa ya ce ya fi ba da wuri.

Sa'annan faifan da aka saya rana ɗaya, daga ƙira ɗaya, suka sha zafi ɗaya, sukan tsufa tare. A 2019 kamfanin HPE ya yi gargaɗi cewa wasu faifan SSD ɗinsa, wato irin faifan da ba abin da ke juyawa a cikinsu, na da matsalar da ke kashe su in sun cika awa 32,768 suna aiki, sai an sabunta manhajar cikinsu. Waɗanda aka kunna tare, tare za su mutu. Ka ga dalilin da na hana ka ɗauko huɗun daga kwali ɗaya.

Na taɓa karɓar wata sabar da faifanta ɗaya ya yi watanni a mace ba wanda ya sani. Gargaɗin na fita kullum, amma zuwa akwatin imel na ma'aikacin da ya daɗe da barin wurin. RAID ya yi aikinsa har ya ɓoye ciwon. Saboda haka kowace safiya ka buɗe fayil ɗin /proc/mdstat a Linux, wanda ke nuna halin da faifan RAID ke ciki. In ka ga U huɗu a jere, lafiya lau. In ka ga ƙaramin layi a gurbin ɗaya, ajiye duk abin da kake yi. Kafin ka zare faifai, ka gwada lambar jikinsa da wadda na'ura ta nuna, sau biyu, don an sha zare mai ran a bar mataccen.

Yau kafin ka tashi, ɗauko kwafin daren jiya, ka zaɓi shafi ɗaya ka dawo da shi a kan sabar gwaji, da fayiloli da rumbun bayanai duka. Ka duba agogo ka rubuta minti nawa ya ci, gobe da safe ka nuna mini.