Tambayoyin Masu Karatu: Ina Son Fara Ɗura Harsashin Farauta da Hannuna

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune da iyalina a jihar Teksas ta ƙasar Amurka, kuma ina da lasisin farauta da bindiga mai cin harsashi samfurin .308 Winchester. Abokan farautata ba sa zubar da kwanso bayan harbi, sai su tattara shi su sake ɗurawa a gida, sun ce hakan ya fi araha kuma ya fi kyan saiti. Da me ya kamata in fara, kuma mene ne haɗarin da ke ciki? *Mai karatu daga Teksas*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin mu kai ga maganar kayan aiki, akwai batun doka da ya kamata ka tabbatar da shi. Dokar tarayyar Amurka ta yarje wa wanda ya cancanci mallakar harsashi ya ɗura wa kansa, amma mai ɗurawa domin sayarwa sai da lasisin tarayya. A idon wannan doka, kwanso da firaima (ƙwayar da ke kunna wa harsashi wuta) da garin harsashi da kan harsashin kowannensu harsashi ne, saboda haka duk wanda aka hana mallakar harsashi an hana shi mallakar waɗannan ma. Wannan ya shafi 'yan'uwanmu da yawa da ke zaune can da bizar karatu ko ta aiki, domin a ƙa'ida an hana su, sai wanda ya shiga cikin 'yan togaciyar da dokar ta ware, kamar mai riƙe da lasisin farauta da bai ƙare ba. Ba ka faɗi irin takardar zamanka ba, don haka ka tambayi lauya ko dillali mai lasisi, ka kuma duba dokar jiharka. Wasu ƙasashen sun fi tsanani: a Jamus sai mutum ya yi kwas ya ci jarrabawa kafin a ba shi izinin sayen garin, a Birtaniya kuwa ko firaima ba a sayar wa wanda ba shi da takardar mallakar bindiga.

Harsashin bindigarka abu huɗu ne a haɗe. Akwai kwanson tagulla, akwai firaima, wato 'yar ƙwayar da ke gindin kwanso wadda ke ba da tartsatsi idan allurar bindiga ta doke ta, akwai garin da ke ƙonewa, sannan akwai kan harsashin da ke fita ta baki. Uku daga ciki suna ƙarewa da harbi ɗaya, kwanso ne kaɗai ke saura, kuma shi ne ya fi tsada, wanda shi ne tushen wannan al'ada gaba ɗaya. Ba kowane kwanso ne ke karɓar ɗuri cikin sauƙi ba. Akwai tsari biyu na firaima da aka ƙirƙiro a shekarun 1860, na Edward Boxer Bature ɗan Ingila, mai rami ɗaya a tsakiyar gindin kwanso, da na Hiram Berdan Ba'amurke, mai ƙananan ramuka biyu a gefe. Na Boxer ne Amurka ta runguma, kuma shi ne kayan aikin da za ka saya suka dace da shi. Ka leƙa cikin kwanso da tocila: in ka ga ramuka biyu, ka ajiye shi gefe, domin zai karya maka allurar cire firaima. Kwanson ƙarfe da na alminiyom ma ka bar su.

Abu na farko da nake so ka saya shi ne littafin ma'auni, kuma ka karanta babobinsa na farko tsaf kafin ka kashe ko dala ɗaya a kan inji. Kamfanoni irin su Hornady, da Speer, da Sierra, da Lyman suna buga waɗannan littattafai, kamfanonin garin harsashi irin su Hodgdon kuma suna wallafa nasu alƙaluman. Dalilin da ya sa na sa littafi a gaba shi ne, cikin ƙiftawar ido bayan ka ja kunama, matsin da ke taruwa a cikin bindigarka kan kai abin mamaki. Ƙungiyar SAAMI, wadda masu ƙera makamai da harsasai na Amurka suka kafa a 1926, ta ƙayyade iyakar matsin .308 Winchester a kan nauyin fam 62,000 a kowane murabba'in inci, kuma wannan matsi yana faruwa ne a tazarar taƙi guda daga idonka. Ba za ka iya auna shi da kayan aikin da kake da su a gida ba. Masu littafin sun auna shi a ɗakin gwaji da na'urori, suka rubuta adadin farawa da adadin da ba a wucewa ga kowane gari da kowane nauyin kan harsashi. Shi ya sa ba zan ba ka wani adadi a wannan shafi ba, kuma kada ka karɓi adadi daga bakin aboki ko daga intanet sai ka gan shi a littafin da kamfani ya buga.

Abu na biyu shi ne sikeli mai kyau. Ana auna garin da ma'aunin giren, wanda 7,000 daga cikinsa ke yin fam ɗaya, kusan 15.4 kuma ke yin giram ɗaya, kuma masu wannan aiki suna kula da ko da kashi ɗaya cikin goma na giren. Ka sayi duwatsun gwada sikeli tare da shi, ka riƙa gwada shi duk lokacin da za ka zauna aiki, ka kuma kashe fanka, domin iskarta kaɗai tana iya karkata ma'auni.

Sai injin matsi. Akwai mai yin aiki ɗaya a kowane jan hannu, akwai kuma mai juyi da ke yin ayyuka da yawa a lokaci guda, kamar irin na kamfanin Dillon. Ra'ayina shi ne ka ɗauki mai aiki ɗaya, irin wanda RCBS da Lee da Hornady ke sayarwa a cikin kunshin masu farawa. Yana da nawa, kuma nawar nan ce amfaninsa, domin kowane kwanso sai ya ratsa hannunka da idonka sau da yawa. Za ka buƙaci ƙarafan da ake ɗaura wa injin na samfurin .308, ɗaya mai mayar da kwanso girmansa na asali, ɗaya mai dasa kan harsashi, da man shafa wa kwanso, da ma'aunin tsawo mai baki biyu, da abin datse bakin kwanso, da katako mai ramuka na jera kwanso, da tabarau na kariya.

Aikin kansa ba shi da sarƙaƙiya. Ana wanke kwanso a duba shi, a shafa masa mai a matse shi ya koma girmansa tare da cire tsohuwar firaima, a auna tsawonsa a datse idan ya zarce, a dasa sabuwar firaima, a zuba garin da aka auna, a dasa kan harsashi zuwa tsawon da littafi ya faɗa. Inda nake so ka daɗe shi ne wajen dubawa. Tagulla tana miƙewa kaɗan-kaɗan a duk harbi, kuma inda take sirancewa shi ne ɗan sama da gindi. Idan ka ga wani zobe mai ƙyalli ya zagaye kwanso a wurin, ka lanƙwasa bakin siririyar waya ka zura ciki ka ja ta a jikin bangon. In ka ji ta faɗa wani kwari, kwanson ya kusa rabuwa biyu, ka murƙushe shi da filaya ka jefar. Haka za ka yi wa mai tsagaggen wuya, da wanda firaima ta shige shi ba tare da wata turjiya ba.

Bayan ka zuba gari, kada ka dasa kan harsashi ko ɗaya sai ka haska tocila a kan jerin kwanson da ke cikin katako, ka bi su layi-layi ka ga cewa garin ya tsaya daidai wa daida a cikin kowanne. Kwanson da aka manta ba a zuba masa ba yana da haɗari ƙwarai, domin ƙarfin firaima kaɗai yana iya tura kan harsashi ya maƙale a cikin bututu, harbi na gaba kuma ya same shi a can. Saboda haka idan ka ja kunama ka ji ƙara ba ta kai yadda ka saba ba, ko bindiga ba ta doki kafaɗarka ba, ka dakata, ka cire sakatar bindigar ka leƙa bututun.

Kuskuren da ya fi tarwatsa bindigogi shi ne musanya gari. Garin ƙaramar bindiga yana ƙonewa da sauri sosai fiye da na doguwa, kuma wasu sunayen da lambobin suna kama da juna. Ka riƙe wannan ƙa'ida: gwangwanin gari ɗaya tak a kan tebur, abin da ya rage kuma a mayar da shi cikin gwangwaninsa kafin a tashi. Ka fara da adadin farawa, ka hau a hankali, kana duba kwanso bayan kowane harbi. Firaimar da ta baje ta cike gefenta, da sakatar da ta yi tauri wajen ɗagawa, da tabo mai sheƙi a gindin kwanso, duk alamu ne na cewa ka riga ka wuce gona da iri. Idan ka canza kamfanin kwanso ko firaima ko kan harsashi, ka koma adadin farawa. Kowane akwati ka manna masa takarda mai ɗauke da abin da ke ciki da ranar da aka ɗura.

Tun da ka ambaci iyali, ka sani cewa yawancin firaimomi suna ɗauke da sinadarin dalma, kuma ƙurar da ke fita wajen tsabtace kwanso tana da illa ga yara da masu juna biyu. Ka yi aikin nesa da inda ake ci da sha, ka wanke hannu da sabulu, ka adana gari da firaima a mazubinsu na asali, daban-daban, a wuri mai sanyi da ke kulle. Game da araha kuwa, kuɗin kayan farko suna da yawa, kuma mafaraucin da ke harba akwati biyu a shekara zai daɗe bai mayar da su ba. Ribar da ta fi tabbata ita ce samun harsashin da ya dace da bindigarka. Ƙungiyar masu bindiga ta Amurka, wato NRA, tana da kwas na masu farawa a wannan fanni, kuma yini guda kusa da wanda ya ƙware zai koya maka abin da hannu ke ji wanda rubutu ba ya iya isarwa.

Tambaya: Ni maharbi ne a ƙauyenmu, da bindigar adaka nake farauta. Wani ya ce mini garin da ke cikin harsashin zamani ya fi albarushi ƙarfi. Zan iya amfani da shi? *Mai karatu daga jihar Bauci*

Amsa: Don Allah, Malam, kada ka kuskura. Garin zamani marar hayaƙi, wanda Bafaranshe Paul Vieille ya fara samarwa a 1884, yana haifar da matsin da ya ninka na albarushi, kuma bututun adaka da maƙeri ya yi ba a gina shi don ɗaukar wannan ba. Ko kaɗan ne aka ɗura yana iya fasa bindigar a hannunka, ya tafi da yatsu ko ido ko rai. Ban da haka, Dokar Makamai ta Nijeriya ta 1959 ta hana kowa ƙera ko harhaɗa harsashi sai a wuraren da gwamnati ta keɓe, kuma aikin ƙera shi yana hannun hukumomi irin su DICON, hukumar ƙera kayan tsaro da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1964. Duk abin da na bayyana wa mai tambaya na farko ya tsaya ne a ƙasar da dokarta ta yarda da shi. Game da takardar bindigarka kuwa, ka tuntuɓi ofishin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiharka.